Batir biyu na kashe a jirgi kafin in iya riƙon na uku

Jirgin da nake aiki da shi na katako ne, gadon mahaifinmu, da injin fetur mai ƙarfin doki arba'in wanda ake tayarwa da igiya. Sana'ata sayen kifi. Nakan tashi daga Yawuri in bi tungayen masunta da ke tsibirai da gaɓar tafkin Kainji, in kwana ɗaya ko biyu, in juyo da kaya. Yawancin abin da nake ɗaukowa banda ne, amma duk wanda ke wannan harka ya san ribar tana ga ɗanye, musamman giwan ruwa da ragon ruwa, idan har suka iso gari ba su yi laushi ba. A da ƙanƙara nake saya in zuba a kula. Kafin la'asar ta rana ta biyu ta zama ruwa. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ƙanƙarar ta yi tsada, tafiyar ma ta yi tsada, ba halin ka je ka dawo sau biyu saboda kifi goma. Sai na yanke shawarar sayen ƙaramar firiza mai aiki da bolt 12 in ɗora a jirgi, in haɗa da ƙwan fitila uku, da ɗan famfon kwashe ruwa, da wurin cajin waya.

Abin dariya, dam ɗin da ya tara wannan ruwa tun 1968 wuta yake ba ƙasa, amma a tungayen da nake kwana in ba ka da tocila to wata ne fitilarka. Shi ya sa wurin cajin wayar nan ba ƙaramin abu ba ne. Masunci da ka caja wa waya kyauta, gobe kai zai fara kira in ya yi babban kamu.

Batirin farko na babbar mota ne, na hannu, na saya wajen wani mai riwaya. A raina na ce abin da ke tayar da tirela ai firiza ba za ta gagare shi ba. Sati biyun farko lafiya lau. Daga nan ya fara gajiya kafin asuba, sai ya koma ƙarfe biyun dare, kafin wata biyu ya cika ko fitila ba ya riƙewa zuwa isha'i. Na biyu sabo ne fil a kwali, rufaffe, an manna masa takarda mai lamba 200, wato am ɗari biyu, ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa. Wani shago na saya, kuma kuɗinsa bai kai na sauran masu wannan lamba ba, ni kuwa na ɗauka na yi wayo. Da hannu ɗaya na ɗauke shi na sa a bayan babur, ban kuma tsaya na tambayi kaina me ya sa yake da sauƙin ɗauka haka ba. Shi kuma da ƙaramin janareta nake cajinsa, ta wannan kafar da aka rubuta bolt 12 a jiki. Wani lokaci in ba shi awa biyu in kashe saboda mai, wani lokaci in manta shi tun safe har yamma. Wata na biyar na ga cikinsa ya kumbura kamar tulu, in ka taɓa zafi rau. Da na mayar shagon, aka ce ni na lalata shi. A lokacin na yi ta faɗa. Yanzu na san rabin maganar gaskiya ce.

Wani dattijo ne a unguwarmu ya fid da ni. Ya daɗe yana aikin lantarki kafin ya koma haɗa wa mutane sola. Na kai masa gawar batirin, ya ɗaga ya jinjina, ya ajiye.

"Ɗana, nawa aka ce maka wannan?"

"Am ɗari biyu, Baba."

"To ɗauko wancan." Ya nuna wani tsohon batir a lungu. Na sunkuya na kama, ya ƙi tashi sai da na sa hannu biyu da gwiwa. Ya ce, "Wancan ɗari ne. Darma ce ke riƙe wuta, ita kuwa darma ba ta iya ɓoye nauyinta. Mai ɗari na gaskiya yana kusan kilo talatin, mai ɗari biyu kusan sittin. Kai takarda ka saya."

Game da na motar kuma, ya ce ba laifin batirin ba ne, na sa shi aikin da ba nasa ba. Ya ɗauko wani fasasshe ya nuna mini cikinsa: ɗakuna shida, kowanne yana ba da bolt biyu da ɗan ɗori, su ne suke haɗuwa su ba da sha biyun. A kowane ɗaki akwai faranti na darma jere, sirara kamar kwali, masu yawa. An yi su haka ne don su saki wuta mai yawa a lokaci guda, daƙiƙa uku ko biyar, mota ta tashi, sannan injin ya mayar masa da abin da ya kashe nan take. In ka riƙa tatse shi har ƙasa kowane dare, farantan nan zubewa suke yi, garinsu ya taru a gindi. Wanda nake buƙata shi ne mai faranti masu kauri, wanda aka ƙera don a sha shi a hankali tsawon dare, a cika shi da rana, a sake sha, sau ɗaruruwa. 'Yan kasuwa batirin sola ko na inbata suke ce masa. Baba kuwa cewa yake na mota ɗan tsere ne, wannan kuma jakin kaya.

Na ce to wanne zan saya? Ya ce ba a nan ake farawa ba. Ya miƙo mini biro da bayan kwalin magani, ya ce in rubuta duk abin da zai ci wuta a jirgin, da awa nawa zai yi yana ci.

Wannan lissafin shi ne abin da ban taɓa yi ba, kuma bai fi minti goma ba. Firizar tana jan am huɗu da rabi in kwamfiresa, wato injin da ke sanyaya ta, na aiki, kuma ba kullum take aiki ba, tana yi tana hutawa. Da zafinmu, ga buɗewa da rufewa, ga kifi da ake sakawa da ɗuminsa, muka ƙiyasta awa goma sha uku a yini da kwana. Huɗu da rabi sau awa sha uku, am sittin ke nan, in an cike. Fitilu uku masu wat biyar-biyar na awa biyar, am shida. Famfo kamar awa guda a rana, am uku. Wayoyi takwas, kowacce am biyu, sha shida. Jimla tamanin da biyar.

Na ce ashe mai ɗari ya ishe ni har da saura. Ya yi dariya. Ya ce batirin darma, ko mai kaurin farantin ne, rabinsa ne naka. In kana wuce rabi kullum, kwanansa kake ci. Don haka duk abin da lissafi ya ba ka sai ka ninka: ɗari da saba'in, wato ɗari biyu ke nan a kasuwa. Ya ƙara da wani abu da ban sani ba, cewa lambar da ake rubutawa a jiki tana da sharaɗi. Yawanci za ka ga C20 a gefenta, ma'ana zai ba da wannan adadi ne in an sha shi sannu-sannu cikin awa ashirin. Mai ɗari zai ba ka am biyar na awa ashirin, amma in ka ja am hamsin ba zai kai awa biyu ba. Wannan ya fi shafar masu son sa injin tuƙi na lantarki, wanda ke iya jan am hamsin in an buɗe shi duka. Ni kayana ba masu haɗama ba ne, sai abin ya zo mini da sauƙi.

Sai zaɓen iri. A nan na fi daɗewa, don kowanne da abin da ya fi da abin da ya gaza, kuma shawarar da ake ba mai gida ba ita ce ta mai jirgi ba.

Dogon nan mai ruwa da ake kira tubula, shi kowa ke yabo, kuma a gida ni ma shi zan saya. Yana da juriya, yana yafe ganganci, in ruwansa ya ja sai ka ƙara masa tataccen ruwa, ba asid ba, ba kuma ruwan rijiya ko na leda ba. Amma ka tuna yadda tafkin nan yake in iska ta taso da yamma a farkon damina. Jirgi na tashi yana faɗuwa, ga batir dogo mai kilo sittin da wani abu cike da asid, da murafu a kai. In ya karkata asid ya zuba a katako da kan kifin mutane. Kuma ranar da za a kai shi gida caji, wa zai hau gaɓa da shi? Na cire shi daga lissafi.

Litiyam ya ba ni sha'awa ƙwarai. Mai am ɗari bai fi kilo goma sha biyu ko sha uku ba, kana iya shan kashi tamanin cikin ɗari nasa ko fiye ba tare da ya ji jiki ba, yana ɗaukar caji da sauri, kuma mai kyau yana yin zagaye dubbai. A jirgi nauyi ba wasa ba ne. Duk wanda ke bakin ruwan nan bai manta da haɗarin jirgin da ya nutse kusa da Warra a watan Mayun 2021 ba, tun daga lokacin kuwa kowane kilo da zan ɗora sai na yi tunani. Abin da ya hana ni biyu ne. Kuɗinsa a lokacin ya fi ƙarfina. Sannan a cikinsa akwai wani allon lantarki da ke tsare shi, in ruwa ya shiga ya taɓa allon nan batir ya yi shiru, ba kuma wanda zai duba maka shi a tunga. Har yanzu raina na wurinsa. In waɗannan suka gama kwanansu wataƙila shi zan koma, da akwati mai hana ruwa.

Ya rage rufaffu guda biyu, jel da AGM. Dukansu ba sa zubar da ruwa ko an karkata su, ba a kuma ƙara musu ruwa. Jel ba ya son a matsa masa da caji, in bolt ya haura kaɗan sai ya lalace a ciki ba ka sani ba. AGM, wanda asid ɗinsa ke jiƙe cikin wani abu kamar auduga ta gilashi, ya fi jure girgiza, ya fi karɓar caji da ƙarfi. Shi na zaɓa. Kuma maimakon guda mai ɗari biyu, na ɗauki biyu masu ɗari-ɗari, don mutum ɗaya ya iya ɗaukar kowanne.

Kano na je sayayya, Sabon Gari, na ƙi aike. Na tafi da abu biyu a jaka: ƙaramar mitar auna bolt da Baba ya koya mini karantawa, da sikelin rataye da nake auna kifi. Da na fito da sikelin, yaron shagon ya kalle ni ya ce, "Alhaji, batir ne fa, ba rago ba." Na ce na sani, ɗora. Ɗaya kilo ashirin da tara da ɗori, ɗayan ma haka. Na sa mita a kan kowanne: 12.8 da 12.7. Baba ya riga ya gargaɗe ni cewa in na ga sabon batir ƙasa da 12.4 in bar shi, ya daɗe a ajiye ba caji, ya fara tsufa tun a kwali. Na duba ranar ƙira da aka buga a jikin robar, ba ta kan kwali ba, na tabbatar dukansu na wata ɗaya ne kuma ba su kai wata shida ba. Wannan na da muhimmanci tunda haɗa su zan yi. In ka haɗa sabo da tsoho, ko babba da ƙarami, mai rauni ne zai riƙa shan mai ƙarfi har ya mai da shi irinsa. Na karɓi rasit da lambar kowanne a rubuce. A shago na uku ne na saya. Biyun farko ba su yarda a ɗora a sikeli ba, ni kuma na daina cinikin biri a sama.

Da na dawo na ɗauka an gama. Baba ya ce yanzu aka fara, don batirina na biyu ko da na gaskiya ne, yadda nake cajinsa ba zai yi shekara ba.

Ga yadda ya bayyana mini, kuma na gani da idona daga baya. Duk lokacin da batir ke ba da wuta, wani farin gishiri na taruwa a jikin farantan. In ka cika shi da wuri, gishirin narkewa yake ya koma cikin asid. In ka bar shi kwana da kwanaki a rabi, ko kullum ka ba shi caji ka cire kafin ya ƙoshi, gishirin sai ya daskare ya zama kamar dutse, wannan ɓangaren farantin ya mutu ke nan. Haka batir mai ɗari zai koma mai saba'in, ya koma mai arba'in, alhali mita na nuna maka sha biyu. Wato awa biyun da nake ba shi in kashe janareta yunwa nake bar masa. Ranakun da nake mantawa kuma dafa shi nake yi, don kafar bolt 12 ta ƙaramin janareta ba ta da abin da ke tsayar da ita, turawa kawai take yi, bolt ya haura sha biyar har sha shida. Rufaffen batir in ya tafasa, iskar da ta fita ba ta dawowa, ba kuma hanyar ƙara masa ruwa. Kumburin ke nan.

Caja ta gari hawa uku take yi. Na sayi mai am ashirin, daidai da kashi goma cikin ɗari na girman baturan biyu a haɗe, wadda ke da maɓallin zaɓen irin batir. Ranar da muka fara gwada ta, bayan na dawo daga tafiya batura sun sauka kusan rabi, Baba ya sa ni zama a gabanta da mita, ya ce kada in tashi. Da farko allon cajar ya tsaya a am ashirin cur, bolt kuma yana hawa a hankali: 12.9, 13.3, 13.8. Kusan awa uku ana haka. Da ya kai 14.4 sai ya tsaya cak, am kuma ya fara sauka: sha bakwai, sha biyu, tara. Na miƙe na ce ai ya cika, tunda ya kai sha huɗu.

"Zauna, ɗana. Yanzu yana wajen kashi tamanin. Wanda ya ci tuwo ya kusa ƙoshi, loma yake yi ƙanana. In ka ɗauke kwanon yanzu, gobe da yunwa zai tashi."

Sai da muka ƙara fiye da awa uku. Am ya sauka shida, huɗu, uku, ya tsaya nan ba ya motsi. Ya ce wannan ita ce alamar cika, in abin da yake karɓa ya koma kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na girmansa. Can sai cajar ta yi ƙara ɗan kaɗan, bolt ya sauko 13.6, ta koma riƙe shi kawai. Wannan hawa na tsakiya, mai cin lokaci ba tare da ka ga wani abin kirki na shiga ba, shi ne wanda kowa ke yankewa saboda tsadar mai, shi ne kuma ke narkar da gishirin nan.

Wani abu da ba a rubuta wa mutanen ƙasar zafi da manyan baƙaƙe: lambobin da ke jikin batir an yi su ne a kan zafin digiri 25. Mu kuwa a watan Afrilu inuwa ma tana haura arba'in. Batirin darma in yana zaune cikin zafin da ya ɗara wancan da digiri goma, kwanansa na raguwa da kusan rabi, kuma yana son a rage masa bolt na caji da kamar 0.2 zuwa 0.3. Shi ya sa muka tsaya a 14.4 duk da takardarsa ta yarda har 14.7, shi ya sa kuma ban ajiye su inda rana ke duka ba.

A kan ruwa rana ce cajata. Na sa kafinta ya ƙarfafa rumfar jirgin, muka ɗaure farantan sola biyu masu wat 200 kowanne, muka bi da su ta kwantirola, na'urar da ke daidaita wutar sola kafin ta shiga batir, irin da ake kira MPPT mai am talatin, wadda ita ma hawa ukun nan take yi. Lissafinsa: am tamanin da biyar a bolt 12 ya ɗan haura wat dubu a yini, kuma batir ba ya mayar da duk abin da aka zuba masa, sai ka ba shi fiye da abin da ka ɗiba. Farantan sola masu wat ɗari huɗu a haɗe, in aka samu awa biyar na rana mai kyau aka cire asarar zafi da ƙura, za su kawo wajen dubu ɗaya da ɗari biyar. Akwai rara, amma ba mai yawa ba. Wasu sun ce me ya sa ban ja daga injin jirgi ba. Irin injinmu abin da yake fitarwa bai wuce am biyar ko shida ba, kuma sai yana gudu, ya dai ishi fitila.

Wurin zaman baturan akwatin katako ne da muka ɗaga daga ƙasan jirgi kamar kamu ɗaya, don ruwan da ke taruwa kada ya kai gare su, a tsakiya inda nauyi ba zai rinjayi gefe ba, nesa da jarkokin fetur. Mun huda ramuka a sama ta gefe, saboda ko rufaffen batir yana iya sakin iskar da ke kamawa da wuta in caji ya yi yawa. Mun ɗaure su da bel. Haɗin kuwa ja da ja, baƙi da baƙi, don bolt ya zauna a sha biyu am ya zama ɗari biyu, sannan muka ɗauki jan waya daga batir na farko, baƙar daga na biyu, don su raba aiki daidai. Fiyus yana kan jan waya, bai fi taƙi ɗaya daga kan batir ba. Ƙanena da ke bina a jirgi ya ga kamar ɓata kuɗi ne, har ranar da sifana ta suɓuce masa ta haɗa kawunan biyu na ɗan lokaci. Tartsatsin da ya tashi ya ci gefen sifanar kamar an gatsa. Tun ranar muke naɗe sifana da tef, kawunan kuma muka rufe su da roba bayan mun shafa musu man gris saboda tsatsa.

Duk da haka sai da na yi asarar kifi sau ɗaya, kuma laifina ne. Wayar da na ja zuwa firiza siririya ce, irin ta fitilar ɗaki, tsawonta ya kai mita biyar. Wani dare a tunga na farka na ji shiru. Firiza ta mutu, ɗan jan haskenta na ƙiftawa. Na sa mita a kan batir, 12.4, lafiya ƙalau. Na kunna firizar na sa mita a bakinta, da kwamfiresa ta yunƙura sai na ga lamba ta faɗi ƙasa da sha ɗaya, ta sake mutuwa. Wutar a hanya take zubewa, wayar har ɗumi take yi. Ita kuma firizar an yi ta ne ta kashe kanta in ta ga bolt ya yi ƙasa. Giwan ruwa biyu manya sai da muka fede muka ba matan tunga suka yi banda, na sayar a rabin abin da na sa rai. Da na dawo na sa waya mai kauri, wadda ake kira mai milimita shida, na matso da firizar kusa da akwatin. Ba ta sake yi ba.

Gwajin gaske watan Agusta ne. Kwana uku a jere hadari ya rufe, rana ba ta fito ta kirki ba, kwantirola ba ta ko kai 14.4 ba balle ta zauna a kai. Safiya ta farko mita ta nuna 12.4, ta biyu 12.2, wato rabi. A nan na ce wa ƙanena a daina cajin waya, fitila ɗaya kawai. Ya ce, "Yaya, mutanen nan za su ji haushi fa." Na ce su ji. Safiya ta uku 12.0. Na kashe firiza, muka juya gida da abin da muka samu, a daren na ɗora su a caja har gari ya waye. Lokacin hunturu kuma ba hadari ba ne, ƙura ce. In ba a goge farantan sola kowace safiya ba, da idonka za ka ga am ya ragu a allon kwantirola.

Karatun mitar ma sai da na koya. In ka auna batir yana kan caji ko an cire shi yanzu-yanzu, zai nuna maka sha uku da wani abu, ƙarya ce, kumfa ce a sama. In ka auna firiza na ja, zai nuna ƙasa da gaskiya. Ni da asuba nake aunawa kafin rana ta taɓa faranti, bayan na kashe komai na ɗan lokaci, gwargwadon alwala da salla. Cikakke da ya huta awanni yana nuna 12.7 ko 12.8. In na ga 12.2 na san na kai iyaka. Ina rubutawa a bayan littafin da nake lissafin kifi, kwanan wata da lamba. Kuma ko rana ta yi kyau duk sati, ranar da muka kwana a gida sai na ɗauke su na ba su cikakken caji a caja har am ya sauka uku. In jirgi zai yi hutu, a cike nake ajiye su, na cire wayoyi, duk wata in sake cika su.

Yanzu sun shiga shekara ta biyu. Da suna sababbi, bayan dare na yau da kullum asuba na nuna mini 12.5. A 'yan watannin nan 12.4 nake gani, wani lokaci ta ɗan gaza. Na nuna wa Baba littafin, ya bi lambobin da yatsa, ya ce tsufa ne na halal, in ci gaba. Matattun biyun kuwa na sayar wa masu sayen tsohon batir, su ma a kan sikeli suke ciniki. Na tirelar, wanda na saya na hannu, ya fi mai takardar 200 kuɗi nesa ba kusa ba.